Ranar Tonon Ƙasusuwan Baba

Froso tana gugar farin ƙyallen da za a naɗe ƙasusuwan mahaifinta a ciki, waɗanda za a tono yau bisa al'adar tsibirinsu, sai ta hango jirgin ruwan ta taga, fari fat, ƙato kamar an dasa bene a kan teku. Ta ajiye gugar tana kallonsa.

"Rufe tagar nan!" in ji uwarta Marigo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na san wanda ke ciki."

Duk tsibirin an sani. Stamatis ne, ɗan maƙwabcinsu, wanda baban Froso, Lefteris, ya kora da sanda a kan rigimar itacen zaitun guda ɗaya tak. Lefteris ya mutu bai janye maganarsa ta hana shi auren Froso ba, yaron kuma ya tafi aiki a jirgin masu yawon buɗe ido. Ba sau ɗaya ba ya aiko wa Froso tikiti ta biyo shi, tana mayarwa tana kuka. Ta rantse ba za ta yi aure a bayan idon uwarta ba.

"Mama, shekara biyar fa! Sai yaushe?"

"Yau ubanki zai ba ki amsa da kansa. In ƙasusuwansa sun fito rawaya kamar zuma, ya huce. In sun fito baƙi, har yanzu yana fushi, ki cire yaron nan daga ranki. Jiya ma ya zo mini a mafarki, yana tsaye a bakin ƙofa, duk jikinsa ƙasa."

Da rana tsaka suka hau maƙabarta. Iska ta ɗauke, ko tsuntsu ba ya kuka. Fada, limamin cocinsu, yana ƙona lubban, mata cikin baƙaƙen kaya sun kewaye kabarin da kyandir a hannu. Tsoho Thanasis mai haƙa yana isa katakon akwatin gawar, bayansa ya riƙe, da ƙyar aka jawo shi waje. Namiji ne ke sauka ya miƙo ƙasusuwa, Lefteris kuwa bai bar ɗa namiji ba. Sauran mazan gari duk sun gangara bakin ruwa suna sayar wa baƙi zuma da huluna, kai ka ce ba za su taɓa mutuwa ba.

Ana cikin haka sai ga baƙin jirgin sun shigo kallon tsohon cocin maƙabartar, Stamatis a gabansu riƙe da 'yar tuta.

"Kai, duba! Kabari a buɗe!" wata baƙuwa ta ɗaga waya.

"Babu hoto a nan, madam!" Stamatis ya tare gabanta.

Jiniyar jirgi ta yi kuka daga ƙasa tana kiran mutanenta. Stamatis ya dubi ramin, ya dubi Froso, ya miƙa wa abokin aikinsa tutar.

"Kana da hankali kuwa? Manaja zai kore ka!"

"Ya kora. Kai su."

Ya tuɓe farar rigar aikinsa. Marigo ta daka tsawa, "Kada ka taɓa mini miji!"

"To ke za ki sauka, Marigo?" Fada ya tambaya a hankali. Sai Stamatis ya dira cikin kabarin mutumin da ya kore shi.

Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa miƙo su. Daga ƙarshe ya ɗago ƙoƙon kan, haƙorin zinariyar nan yana walƙiya kamar yadda yake yi in Lefteris yana faɗa. Nan take kyandirori suka mutu gaba ɗaya, alhali ko ganye bai motsa ba.

"Kawu Lefteris, ni ne," in ji Stamatis. "Ka yi haƙuri, hannuna ka samu."

Marigo ta karɓa tana wankewa da ruwan inabi. Mata suka leƙo suna raɗa. "Baƙi ne!" "Ina, rawaya ne!" Froso ta kasa dubawa, hawaye kawai take yi. Kafin su gama gardama uwar ta sumbaci ƙoƙon, ta naɗe komai ruf a cikin farin ƙyallen.

Can ƙasa jirgin ya soma janyewa daga gaɓa. Marigo ta bi shi da ido, sannan ta dubi yaron da ke tsaye a rami har ƙirji.

"Jirginka ya tafi."

"Na gani, Mama."

"To fito, ɗana, kafin ramin nan ya saba da kai." Ta miƙa masa hannu da kanta.

A hanyar gida Froso ta riƙo gefen rigar uwarta. "Mama, don Allah, wane launi ne?"

"Ban duba ba, 'yar nan. Hannun da ya miƙo mini su na duba."

Da kaka aka yi bikinsu, a ƙarƙashin zaitun ɗin nan da aka yi ta rigima a kansa. Da Froso ta hau jirgi tun tikitin farko, da ta sami miji ta rasa uwa. Ta yi haƙuri, shi kuma ya girmama iyayenta har wanda ke cikin ƙasa, sai ga uwar da ta ce a rufe taga ita ce ta buɗe masa ƙofa.