H ɗin Ƙarshen Sunanta

Da kayan aikin asibiti a jikinta ta shigo shagon, ta ce sarƙar azurfa take so mai ɗauke da sunanta. Maƙerin ya ɗago daga kan ƙaramin gilashin da yake duba aiki da shi, sai da ya ɗan daɗe yana kallonta kafin ya tuna ya amsa sallama. Ya zana sunan a takarda ya miƙa mata.

"Cire h ɗin ƙarshe," ta ce.

"Ai da shi ya fi kyau, Nas."

"Sunanka ne ko nawa?"

Ya yi dariya ya goge. Ranar da ta dawo karɓa, lambarta ya nema a madadin kuɗin aiki. Ta biya kuɗin, ta kuma ba shi lambar.

Kullum da safe saƙonsa ke tashinta: "Nas ɗina, zuciyata ce ba lafiya, yaushe za ki duba ta?" Ita kuma ta mayar: "Maƙerina, layi da tsawo, ka yi haƙuri."

Abin da bai sani ba, wannan harafi tsohon gyambo ne a gidansu. Babanta da h yake rubuta sunan tun ranar da aka haife ta. Bayan sun rabu da Ummanta, Umma ta sa ta makaranta da sunan ba tare da h ɗin ba, haka ya bi duk takardunta. Har yau da ta girma ta koma gidansa, Baba ba ya son ganin sunan a haka.

Ranar da Maƙerin ya zo gaishe shi, idon Baba ya faɗa kan sarƙar da ke wuyanta.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

Baba ya miƙe ya shige ɗaki, ko ruwan da aka kawo bai sha ba. Ɗan Gwaggonta kuwa, wanda ya daɗe yana sonta tana kaucewa, ya samu ƙofa. Ya riƙa cewa ai Umma ce ta turo yaron nan don ta ƙwace 'yar gaba ɗaya. Baba ya ce indai yana raye, ba da yawunsa ba.

Hankalin Maƙerin ya tashi. Ba tare da ya yi shawara da ita ba, ya ƙera wata sarƙar mai h, ya aika wa Baba. Da ta dawo daga aiki ta tarar da ita a kan teburin falo, ɗan Gwaggo na gefe yana murmushi.

"Kin gani?" ɗan Gwaggo ya ce. "Tun ba a je ko'ina ba ya canza miki suna."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Maƙerin: "Da wannan sunan Ummata ta raine ni ita kaɗai. Kai kuma ka goge ta don a ba ka aure. Kar ka sake kirana."

Ya amsa: "Na yi kuskure, Nas. Tsoron rasa ki ne ya rufe min ido. Ki hukunta ni, amma kar ki yi min shiru."

Shirun ta yi masa. Ta rame, a wajen aiki sai ta tsaya riƙe da allura tana kallon bango. Shi ma ya lalata aikin mutane har maigidansa ya ce ya je ya huta.

Wata safiya ta samu Baba yana karyawa, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, na gaji. Kai kana jan sunana ta nan, Umma tana ja ta can. Ni ce a tsakiya, kuma ni nake yagewa. Wannan bawan Allah bai san komai ba sai abin da na gaya masa."

Baba ya ajiye kofin shayinsa. Ya daɗe yana kallon yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito.

"Haka kika rame ban lura ba?" ya ce. "Kina sonsa?"

Ta sunkuyar da kai tana hawaye.

"Ki ce ya turo manyansa."

Sai da yamma ta iya tura saƙon: "Maƙerina, har yanzu ina fushi da kai. Amma Baba ya ce ka turo." Kafin ta ajiye wayar kiransa ya shigo, ta ɗauka.

Rigimar ba ta mutu ba. Katin gayyata kala biyu aka buga, na dangin Baba mai h, na dangin Umma marar h, Gwaggo kuma ta ƙi zuwa. Amma an ɗaura auren. Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta, Umma na tsaye a bakin ƙofar gidan da ta yi shekaru ba ta taka ba.

"Allah ya yi miki albarka, ya zaunar da ku lafiya," Baba ya ce. "Ya ba ku haƙurin da mu muka rasa."

Daga bakin ƙofa Umma ta ce, "Amin."