Sakatar Siton Makarantar Gbarnga

Rana ta take tsaka lokacin da Pa Mulbah ya ji ana dukan ƙofar tsohon siton da ke bayan makarantar firamare ta unguwarsu a Gbarnga. Ya zare sakatar da aka sa ta waje. Yara goma sha wani abu suka yi waje suna haki, jikinsu sharkaf da gumi. Wata yarinya mai suna Kebbeh ce kaɗai ba ta fito ba. A ƙasa aka same ta a sume, aka ɗora ta a babur sai asibiti.

Sajan Garmai Kerkula, 'yar sanda a sashen kula da mata da yara, ta san makarantar sarai, ɗanta ma a nan yake. Tun da gwamnati ta damƙa makarantar ga wani kamfani aka yi fenti, aka kawo littattafai, malamai suka daina fashi. Sharaɗi ɗaya ne: in sakamakon yara bai tashi ba, a soke kwangilar. Ran nan kuwa masu jarrabawa suka zo daga Monrovia.

Ta shiga siton. Rufin kwano ne, ba taga, sai wata kafa a bangon baya inda katako ya ɓalle. Ga kwanonin shinkafa da miyar ganyen rogo a warwatse. A gindin kafar ta tsinci maganin shaƙa na masu asma, ta jefa a aljihu. Yaran suka ce ƙarar sakata kawai suka ji, daga baya wani hannu ya jefo abin ta kafar.

Ta fara da mai dafa abinci, Ma Nowai.

"Wa ya ce ki kai su can?"

"Hedimasta, 'yata. Ya ce masu nauyin kai su ci abincinsu a sito har baƙi su tafi. Na kai su, na tokare ƙofar da dutse, na wuce kasuwa sayen manja. Je ki tambayi masu manjan, har faɗa muka yi."

Masu manja suka tabbatar, har da faɗan.

Hedimasta, Mista Tokpah, bai yi musu ba. Ya dinga goge wuya da hankici.

"Na ce a ɓoye su, Sajan, ban ce a kulle ba. Kuma tun da baƙin suka sauka ina manne da su kamar kaska. Ki binciki tsohon nan Mulbah. Kamfani ya sallame shi, neman hanyar tona mana asiri yake."

"Yaya sunan yarinyar da ta suma?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Bai sani ba.

Pa Mulbah ya yi dariyar takaici da ya ji zargin.

"Rabin garin nan ni na koya wa A da B, har da ke, Garmai. Yanzu kuma ni ne mai kulle yara? Tun safe ina coci wajen jana'iza, ni na ja waƙa. Dawowa nake na ji bugun."

Fasto ya shaide shi, masu jarrabawa kuma suka shaidi hedimasta.

A asibiti Kebbeh ba ta farfaɗo ba tukuna. Garmai ta nuna wa uwar yarinyar maganin.

"Nata ne. Amma ba ta yawo da shi, yarwa take. Yana wajen malamarsu a cikin durowa, ita ke ba ta in abin ya tashi. Allah ya yi wa Malama Yamah albarka, ta riƙe min yarinyar nan kamar ita ta haife ta."

Garmai ta sami Malama Yamah ita kaɗai a aji bayan an tashi. Ta ja benci ta zauna, ta ajiye maganin a kan tebur.

"Malama, ina kike lokacin jarrabawa?"

"A waje. Ba a barin malamai a ciki."

"Buɗe durowarki."

Yamah ba ta motsa ba.

"To bari in faɗa miki abin da na gani," in ji Garmai. "Wanda ya sa sakatar nan ya san akwai mai asma a ciki, ya kuma san inda maganinta yake. Hedimasta ko sunanta bai sani ba. Wanda ya jefa maganin ta kafa ya san an kulle, in ba haka ba da ta ƙofa zai miƙa. Kuma ya ga sakatar ya bar ta. Mugu ba ya komawa kai magani. Wanda yake son yarinyar ne ya kulle ta."

Yamah ta kife fuska a tebur. Da ta ɗago, muryarta da kyar take fita.

"Fitowa Kebbeh ta yi ta yi. Ta ce ta yi karatu, sai ta rubuta. Na mai da ita, ta sake leƙowa. Yaya Garmai, Kebbeh har yanzu harhaɗa baƙi take yi. An ce in ajina ya ja makaranta baya, kamfani zai tafi, mu koma gidan jiya, ba littafi, ba malami. Na ce awa ɗaya ce kawai. Sai aka haɗa da jarrabawar lissafi. Ina jin bugun daga inda nake tsaye. Na ce saura kaɗan. Na yi ta cewa saura kaɗan."

Garmai ta tuna wani abu. A taron iyaye na watan jiya, da hedimasta ya ce ko ta halin ƙaƙa sai makarantar ta ci, ita ma ta tafa. Ba ta tambayi wane hali ba, don ta san ɗanta ba ya cikin masu nauyin kai. A rahotonta ta sa sunan Yamah, ta sa na Tokpah a sama da shi.

"Tashi mu je ofis."

"Don Allah mu biya ta asibiti."

Suka biya. Kebbeh ta farka, an sa mata robar iska a hanci. Uwar ta miƙe da murna ta ba Yamah kujera, don ba wanda ya gaya mata komai tukuna. Yamah ta kasa zama, ta durƙusa a gefen gadon.

"Kebbeh, ni ce na sa sakatar."

"Na sani, Malama. Na gane hannunki."

Uwar ta dafe bango. Yarinyar ta ja numfashi da kyar, ta kama yatsan malamarta.

"To ajinmu ya ci, tun da ban rubuta ba?"