Ba Kowa a Sama

Ranar da Wessel ya fara shiga shagon katakon daɓe na bayan tashar jirgin ƙasa ta garin Zwolle, tun safe ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai dai ya kashe masa jiki. Saskia ce ta turo shi, ma'aikaciyar ƙungiyar da ke sama wa waɗanda suka tashi a riƙo matsuguni. Sun ba shi ɗaki da falo a saman bene, kuma kamar kowane gidan haya a ƙasar, siminti tsura aka miƙa masa. Daɓe aikin mai shiga ne.

Ya daɗe tsaye gaban katakan, hannu a aljihu.

"Malam, in jira kake su gaishe ka, ba sa magana," in ji wata murya a bayansa.

Ya waiga. Doguwa ce, da fensir a bayan kunne, idanunta cike da tsokana. Imke ke nan, 'yar mai shagon.

"In mutum zai tashi daga gida, sai ya ɓamɓare daɓen?" ya tambaya.

"Haka doka ta ce. Amma kai ko shiga ba ka yi ba, har ka fara tunanin fita?"

Bai sayi komai ba. Sai dai ya dawo a satin, ya sake dawowa, kullum a gajiye daga wurin wankin kayan asibiti da yake aiki, kullum wai kallo ya zo yi. Ba ta taɓa jin shigowarsa ba, sai dai ta ɗago ta gan shi. Shi ya sa ta laƙaba masa Kyanwa.

Da ta gaji da jiran ya buɗe baki, ita ta karɓi lambarsa ta tura masa saƙo:

"Kyanwa, katako ya gaji da kallonka. Ni ban gaji ba. Asabar ka kai ni shan kofi."

Ya karanta ya fi a ƙirga kafin ya amsa: "To, 'Yar Katako. Amma ni ban iya hira ba."

"Ni na iya ta mutum biyu."

Haka soyayya ta kama su, a kan keke, a bakin kogi, a ƙarƙashin lema ɗaya. Wessel ya so ta so mai tsanani, so mai haɗe da fargaba, don bai saba abu ya daɗe a hannunsa ba. Tun yana ƙarami ake yawo da shi daga wannan gidan riƙo zuwa wancan, kuma ya lura kowane tashi da ƙorafi yake farawa. Ya cika ƙiriniya. Ya fasa kofi. Maƙwabta sun yi magana. Daga nan sai a ce ya haɗa kayansa.

Gidan nan kuwa da sunan ƙungiya yake. In ya shekara ba a kawo ƙararsa ba, a mayar da shi sunansa; in an kawo, Allah kaɗai ya san inda zai nufa. Don haka da safa yake tafiya a kan simintin. Ba ya kunna rediyo, ba ya buɗe labule, ko sunansa bai manna a jikin ƙararrawar ƙofa ba. Baƙo kuwa, ko Imke bai yarda ta hau ba.

Ranar da ta kai shi gidansu cin dankali da ganye, mahaifinta Harm ya ƙare masa kallo.

"Su wa ye iyayenka?"

"A riƙo na tashi, Baba."

"Riƙon wa?"

"Mutane da yawa."

Bayan ya tafi, Harm ya ce wa 'yarsa, "Ba ƙinsa nake ba. Amma wanda ya saba tashi, wata rana tashi zai yi ya bar ki. Ga Thijs nan direbanmu, tun kakansa a layin nan suke."

"Baba, kai ka auri Thijs mana, tunda ya yi maka."

Ta faɗa da dariya, amma maganar ta zauna mata. Sai kuma wata Laraba da la'asar, ta biyo ta layinsu, ta ga wata mace ta danna ƙararrawarsa, an buɗe mata. Ƙofar da aka hana ta! Ta koma gida ranta a jagule ta rubuta:

"Ashe ana hawa benen naka. Ni ce dai ba a so. Na gaji da tsayuwa a titi kamar mai talla, Wessel. Ka huta."

Matar da Imke ta gani kuwa Saskia ce, kuma ba da labari mai daɗi ta hau ba. Tsohuwar da ke ƙasa da shi, Madam Postma, ta sanar da masu gidan cewa ba kowa a sama. Wata da watanni ba ta ji taku ba, ba ta ji an ja kujera ba, ga mutane na neman gida ido rufe, an bar wannan a kulle. Za su zo dubawa ranar Juma'a. In suka gamsu ba ya kwana a ciki, za su karɓe.

Wessel ya zauna a bakin katifa. Ko fushi bai iya yi ba, gajiya ce kawai ta danne shi. Ya yi motsi an kore shi, ya yi shiru za a kore shi. Sai ga saƙon Imke a kai.

Ya rubuta mata: "Matar da kika gani Saskia ce ta ƙungiya. Za a ƙwace gidan, wai ba kowa a ciki. Ban hana ki hawa don wata ba, tsoron a ji dariyarki nake. Ki zo ki gani, ko da shi ne na ƙarshe."

Ta zo. Ta tsaya a ƙofa ta ga siminti, katifa ɗaya, cokali ɗaya, da jaka a zuge a bayan ƙofa. Hawaye ya cika mata ido.

"Haba Kyanwata. A nan kake kwana?"

"A hankali," ya ce da raɗa. "Ta ƙasa za ta ji."

Ta juya ta sauka. Washegari ta dawo da mahaifinta. Harm ya shigo yana haki, ya zagaya ɗakin da takalmansa masu nauyi, Wessel na bin kowane taku da ido. Dattijon ya daɗe yana duban jakar nan.

"Na ce kai mai tashi ne," ya ce. "Ashe tashinka ake yi." Ya juya ga 'yarsa. "Imke, kira Thijs ya kawo katakon nan mai ruwan zuma. Kai kuma cire safar nan, ka karɓi guduma."

"Baba, ƙarar..."

"A ji mu ake so, yaro! Buga!"

Da katakon ya iso, bugunsa na farko da ƙyar ya taɓa shi. Imke ta tuntsire da dariya, ta yaye labule, ta ƙure rediyo. Thijs ya hauro da sauran kaya yana ƙunƙuni, ya sauke ya tafi ba sallama. Ranar Juma'a masu dubawa suka tarar da garin katako har a matakala, ga Madam Postma riƙe da kai tana ce musu ta janye maganarta, akwai mutum, har ya yi yawa.

Sanyi na wucewa aka mayar da gidan sunansa. Da rani aka ɗaura aure a ofishin magajin gari, Saskia ce shaidar ango. Daga nan aka ɗunguma zuwa gidan, falo ya cika, ana kiɗa ana taka sabon daɓe da rana tsaka.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi.

Wessel ya buɗe. Madam Postma ce, fuska a murtuke. Ya san gidan nasa ne yanzu, amma tsohon tsoron nan bai sake shi ba.

"Kwanukana har rawa suke a kan kanta!" ta ce.

"Ki yi haƙuri, Madam. Yanzu zan sallami kowa. Don Allah kada ki kai..."

"In kai ina? Wa ya ce ka sallame su? Cewa na yi a rage kiɗa. Gobe ma in ka dame ni zan hau, baɗi ma haka. In 'ya'yanku suka fara guje-guje a kaina, kullum sai ka gan ni. Gara ka saba da fuskata."

Ta karɓi yankan kek daga hannun Imke, ta juya ta sauka tana mita.

Wessel ya tsaya riƙe da ƙofa. An kawo ƙararsa, kuma ba wanda ya ce ya haɗa kaya. Kuka ya ƙwace masa, mai sauti, wanda rabonsa da irinsa tun yana yaro. Imke ta rungume shi ba ta ce ya yi shiru ba.

Harm ya dafa kansu su biyu.

"Allah ya zaunar da ku, 'ya'yana. Ku tsufa a nan kuna damun mutane."