Dutsen da Kafinta Ya Ɗauko

Rana ta faɗi, kaji sun shige akurki, matar kafinta tana kwashe shanya, sai dutse ya sauka a kan kwanon ɗaki. Kwaram! Ta leƙa bayan katanga don ta ci mutuncin 'ya'yan maƙwabta. Babu kowa, ko akuya.

Kwana uku ke nan da kafinta ya kai iyalinsa yawon buɗe ido wani tsohon garin kasuwa. Sun zaga rumfuna, sun ga ƙofar gari, daga nan suka fita karkara inda kangon kasuwar farko yake a bakin rafi. Mai gadin wurin ya ce su kalla su more, amma ko tsakuwa kada a ɗauka. To shi kafinta, Allah ya yi shi ba ya iya ganin abu mai kyau a ƙasa ya wuce. Ya hango wani baƙin dutse mai santsi, bai fi tafin hannu ba, daidai wasa kayan aiki. Ya lura ana duba jakar manya a bakin fita, sai ya zura shi cikin jakar Auta, 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya.

Tun daga ranar jifan farko gidan ya daina sanin magariba mai daɗi. Da duhu ya fara sauka sai jifa, bayan jifa sai shiru mai nauyi. Auta ta bar cin abinci. Takan durƙusa ta fuskanci bango, hannuwanta suna kai da komo a ƙasa kamar mai niƙa.

"Baban Auta," in ji matarsa, "anya ba mu taɓo wani abu a wurin nan ba?"

"Me za mu taɓo?" ya ce, idonsa a ƙasa. Dutsen kuwa yana cikin akwatin aikinsa. Kunya ce ta riƙe masa baki, yana kallon 'yarsa tana ramewa.

A rana ta tara aka ɗauko wani malami dattijo. Ya zauna kusa da yarinyar ya fara karatu a hankali. Can sai Auta ta ɗago kai, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam, kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ɓarauniya ce. Dutsen da nake niƙa wa jikana magani ta sace. A jakarta na gan shi ya fita."

Uwar ta dafe ƙirji. "Auta! Ke da sata?"

Wannan kalma ce ta karya kafinta. Ya tashi ya ɗauko dutsen ya ajiye a gaban malam.

"Ni ne. Ni na sa mata. Ba ta sani ba."

Muryar ta ce to a ba ta kafinta a madadin yarinyar. Malam ya ce ba za a ba ta kowa ba, kayanta za a mayar mata. Suka daɗe suna ja. Daga ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗin kafinta ya mayar da dutsen da kansa, a tafin hannu a buɗe, ya faɗa wa mai gadi abin da ya yi. Kafinta ya yi alkawari. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta.

Da ta farfaɗo ta nemi ruwa. Uban ya durƙusa ya riƙe mata kofi, ya kasa haɗa ido da ita.

"Auta, ki yafe mini. Ba ki san abin da na sa miki ba."

Ta sha ruwan, ta dube shi.

"Na sani, Baba. Na ji jakar ta yi nauyi. Da mai gadi ya tambaye ni, cewa na yi littattafaina ne, don kada ka ji kunya."