Baƙaƙen Duwatsun Cikin Jirgi

A tsibirinmu na Kokos babu baƙin dutse. Duk inda ka haƙa, farin yashi ne da ɓaraguzan murjani. Shi ya sa da dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufin gidan Kasman, matarsa Suminah ta tsinto shi ta ga baƙi ne sumul, sai ta daɗe tana juya shi. Da ɗuminsa kuma.

Talata ce, ko Laraba. Tsufa ya cinye mini ranakun. Abin da na riƙe shi ne rana ta yi ja a bayan itatuwan kwakwa, shinkafa na kan wuta, ladan bai kira magariba ba tukuna.

Sana'ar Kasman tayar da matattun jiragen ruwa. Yakan sayi tsohon jirgin katako mai tafiya da iska wanda aka yasar, ya cire ruɓaɓɓen katako ya sa sabo, ya toshe, ya shafe, ya sayar. Wanda ke rumfarsa a lokacin, kakan matarsa ne ya sassaƙa shi. Wani Bature daga birnin Perth ya riga ya saya, jirgin kayan da zai ɗauke shi kawai ake jira.

Mutum ɗaya ne ya ƙi cinikin, Darwis ƙanin Suminah.

"Mijin yaya, har kakan mutane kake sayarwa?"

"Shekara ashirin kaji na ƙwai a cikin kakan naka," in ji Kasman. "Ba ka tuna da shi ba sai da na shafa masa fenti."

Da Suminah ta miƙa wa Kasman dutsen, nan take ya gane shi. Cikin duwatsun da ake jerawa a gindin jirgin ne don kada iska ta kife shi. Shi ya kwashe su da hannunsa ya zuba darma, yadda Baturen ya so.

"Ƙaninki ne ya jefo," ya ce.

Washegari uku suka faɗo, a daidai wannan lokaci. Rana ta uku Kasman ya laɓe cikin ayaba a bayan gidan Darwis. Yana kallonsa zaune yana ɗinkin komar kamun kifi, bai ko ɗaga kai ba, sai Kasman ya jiyo rufin nasa gidan ya amsa daga nesa. Duk da haka bai daina zarginsa ba. Ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce wani ya sa yake yi masa jifan. Darwis ya dube shi kawai, ya sa takalmansa ya wuce.

Gidan ya yi nauyi. Kowa na kallon hannun kowa. Suminah ta fara tunanin ko mijinta ne ke jifan don ya raba ta da danginta. Da yamma kuma sai a riƙa jin kukan katako daga ɗakin 'yarsu, irin wanda jirgi ke yi idan igiyar ruwa ta ɗaga shi, alhali ɗakin na siminti ne.

Rohani sunanta, ita kaɗai gare su, shekararta goma sha tara. Ta daina cin abinci. Takan zauna a ƙasa tana rangaji hagu da dama. Ranar da uwarta ta kunna wuta kusa da ita, sai ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Zafi."

Aka kira Liman Badrun, wanda a wurinsa yawancinmu muka yi karatu. Ya zo bayan magariba da kwanon ruwa da lemun tsami, ya ce a kira Darwis.

"Malam, shi ne fa ya..." in ji Kasman.

"Baban Rohani, zauna."

Ya daɗe yana karatu a hankali. Rangajin ya tsaya. Rohani ta ɗago kai.

"Wane ne kai?" in ji Liman.

"Ka girme su, amma ba ka girme ni ba, Badrun. Daga wani kogi na tsibirin Jawa aka ɗebo ni da duwatsuna. Masassaƙin ya yi sallama kafin ya taɓa. Ya ce in riƙe masa jirgi kada ya kife, shi kuma ba zai raba ni da ruwa ba. An taɓa jin ya kife?"

Muryar ta ci gaba.

"Shekara ashirin na yi haƙuri da kaji, don ina jin teku. Sai aka ɗora mini tukunya."

Suminah ta dafe ƙirji. Rohani ce ta jera uku daga cikin duwatsun a bayan gida ta yi murhun dafa kifi, ranar da ubanta ya ce ta kwashe su ta yi yadda ta ga dama.

"Ba ta sani ba," in ji Liman. "Me kake so?"

"A mayar da ni gidana."

Liman ya juya wajen Kasman. "Baturen nan, wane ruwa zai sa jirgin?"

Kasman ya sunkuyar da kai. Sai da aka sake tambayarsa.

"Ba ruwa. Rataye shi zai yi a rufin gidan cin abinci."

"Ka ce mini tsere zai yi da shi!" in ji Suminah.

Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "To na zauna nan. Jikin mutum ma ruwa ne."

Kasman ya miƙe. Ya buɗe baki zai ce ya fasa cinikin, ko da sunansa zai ɓaci har Perth. Darwis ya riga shi.

"Ga nawa jirgin. Jikan masassaƙin ne ni. A bakin ruwa yake kwana."

"Wannan kwandon? Yoyo yake yi," in ji muryar.

"Gida mai yoyo ya fi gidan zalunci," in ji Liman. "Za a gyara maka. Ka fita, ka rantse ba za ka dawo ba."

Sai muryar ta kafa sharaɗinta.

"Wanda ya fitar da ni, shi zai gyara, da hannunsa. Shi zai jera ni. Ya yi sallama tukuna."

"Na yarda," in ji Kasman.

Muryar ta rantse. Liman ya yayyafa ruwan. Rohani ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta. Da ta farka, ta shaƙi iska ta ce, "Mama, shinkafarki na ƙonewa."

Kasman ya cika alkawari. Wata biyu ya yi a kan jirgin Darwis bai karɓi ko sisi ba, ya jera duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana sallama. Na Baturen ya tafi Perth da darmarsa. Rohani ta warke sarai; jikokinta ma sun yi karatu a wurina, ko 'ya'yanta ne.

Sai dai jirgin Darwis, wanda a da shi ke zuwa na ƙarshe a tseren Sallah, tun daga shekarar nan ba a sake shan gabansa ba. Duk sanda Darwis ya wuce rumfar Kasman yakan ɗaga murya: "Mijin yaya, kaka na gaishe ka!"

Shekaru da yawa bayan haka, muna zaune a bakin ruwa, Kasman ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, da idona na ga Darwis ranar nan yana ɗinkin koma, bai motsa ba. Ban musa ba." Ya daɗe yana kallon jirgin. "Amma wa ke ɗinkin koma yana murmushi?"