Jirin da Ya Biyo Ishiyaku Daga Tiga

Tun da Ishiyaku ya haye ruwan Tiga a kwalekwale ya dawo daga ta'aziyya, ƙasa ba ta daina lilo da shi ba. Abinci ba ɗanɗano, ko kukan 'yarsa ba ya taɓa zuciyarsa.

Bayan magariba, a hanyar Rurum, ya tsuguna yana amai, sai wata tsohuwa mai warin laka ta tsaya a kansa.

"Sannu Malam. Jirin ne?"

"Shi ne, Inna."

"Zai sake ka ranar da ka dawo wurinmu, cikin ruwa."

Ya sunkuyar da kai. Hanyar a bushe take, amma ruwa ya kai wa tsohuwar idon sawu, yana kaɗawa, ya fara taɓa yatsun ƙafarsa.