Dutse Mai Huda a Makiyayar Donncha

Ranar da Muireann ta fara ganin Cathal, a durƙushe ta same shi cikin kashin shanu, yana shafa gefen tsohon dutsen makiyayarsu kamar mai lallashin jariri.

"Malam, lafiya? Ko saniya ce ta ture ka?"

Ya ɗago, ruwan sama na ɗiga daga gashinsa. "Karatu nake yi. Tsage-tsagen nan rubutun Ogham ne na mutanen dā, daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama. Sunan wani ne da na ubansa, an kafa masa dutsen fiye da shekara dubu."

"To, mu dai shanunmu susa suke yi da shi."

Daga ranar ta raɗa masa Malam Dutse. Aikin yini ɗaya ne ya kawo shi, amma dutsen ya ƙi karantuwa har damina ta yi nisa. Muireann ta kamu da sonsa, ba ta kuma ɓoye ba.

Mahaifinta Donncha kuwa ko shayi ya hana a ba shi.

"Ma'aikacin adana kayan tarihi? Ƙarshenta ya kwashe min dutse zuwa birnin Dublin. Ban yarda ba, Muireann!"

Ta san abin da ke cin ransa. Akwai huda a kan dutsen, masoyan yankin kan zura babban yatsa ta kowane gefe, in sun haɗu alkawari ya ƙullu. A nan Donncha ya riƙe yatsan marigayiya Nuala, uwar Muireann.

Wata safiya Ruairi, maƙwabcin da ya daɗe yana neman aurenta ba ta kula shi, ya shigo yana haki.

"Baba Donncha, ga surukin naka can da tarakta da igiya, ya ɗaure dutsen!"

Muireann ta ɗauko wayarta. Ta tura wa Cathal saƙo: "Ashe dutsen kake so, ba ni ba. Kar ka ƙara kirana."

Amsa ta shigo nan take: "Tauraruwata, ki taho da Baba. In na ci amanarki, ki sa shanu su tattake ni."

Suka tafi, Donncha a gaba da sandarsa.

Dutsen da ya daɗe a karkace suka tarar a miƙe tsaf, an tokare gindinsa. Can gefe ga sabon turke, saniya har ta fara susa. Cathal ya yi jagab da laka.

"Saura ƙiris ya faɗi, Baba. Da ya faɗi, ta wajen hudar zai karye."

Donncha ya daɗe yana kallon hudar. Ya juyo ga Cathal.

"Ka iya tatsar saniya?"

"A'a, Baba."

"Za ka koya."

Ranar aure, daga coci jama'a suka zarce makiyaya. Ango da amarya suka zura yatsu, aka ɗau tafi. Donncha ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare."

Da mutane suka juya, Muireann ta waiwaya. Ta hango mahaifinta shi kaɗai, ya zura yatsansa a hudar, ɗaya gefen babu kowa.

Ta tattare farar rigarta, ta koma ta cikin lakar, ta zagaya bayan dutsen ta sa nata.